Tokar Bayan Danga

Gidan Bilki shi ne na ƙarshe a unguwarsu, can gefen Madarunfa. Daga dangarta sai gonar Kabo, wani dattijo da ko gaisuwa sai an jawo ta daga bakinsa. Tun rasuwar mijinta, kullum da safe Bilki takan share tsakar gida, ta kwashe tokar murhu da kashin awaki, ta watsa bayan danga. Jujin unguwa da nisa, gwiwoyinta kuwa sun daɗe da yi mata tawaye.

Wata rana ɗanta Mahaman ya zo daga Maradi a kan babur, ya tarar da ita tana watsawa. Ya riƙe baki.

"Haba Inna! Shara cikin gonar mutane? Kunyarki kawai Baba Kabo ke ji. In ba ki iya kai ta juji, ki taho Maradi ki zamna da mu."

Maganar ta soke ta. Ta san taki ba ya ɓata gona, amma ta san ba ta taɓa neman izini ba. Ta tuna sau nawa ta hango Kabo yana tsince leda daga tarin, fuska a murtuke. Ga kunya, ga tsoron Maradi, inda za a ba ta ɗaki mai siminti ba akuya ba murhu, ta zauna jiran a zubo mata abinci. Washegari ta ɗora kwando a ka, ta nufi juji tana tafiya tana hutawa.

Haka ta yi har damina ta yi nisa. Geron da ke jikin dangarta, wanda kullum yake kere na sauran gonar, bana ya tsaya gajere, ganyensa ya yi rawaya. Kabo ya kan tsaya ya dube shi, ya dubi gidanta, ya juya. Bilki ta ce a ranta, lalle mutumin nan ya daɗe da ita a ciki. Ana haka ta zame a hanyar juji, ta kwana biyu ba ta taka ƙafa. Labari ya kai Maradi, Mahaman ya bugo waya ya ce da an yi girbi zai zo da mota.

Tana zaune tana shafa man zafi a gwiwa sai ta ji sallama. Kabo ne, ya durƙusa bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Uwar Mahaman, mi na yi miki?"

"Ni? Ai ni ce da laihi, Kabo."

"Shekara da shekaru, hatsin jikin dangarki shi nike warewa iri. Duk gonar ga daga nan take hitowa. Bana kin hana ni toka. Na yi ta tunanin inda na ɓata miki, ban gano ba."

"To ledar da kake tsincewa kana ɓata rai hwa?"

"Leda ai ba ta ruɓewa. Huskar kuwa haka Allah ya yi ta."

Bilki ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka. Daɗi ne ya kama ta, irin wanda ta manta da shi, na jin cewa wani yana jiran abin hannunta.

Bayan girbi Mahaman ya iso da mota kamar yadda ya faɗa. Ya tarar an yanke wata 'yar kafa a jikin danga, daidai ƙugun uwarsa, don kada ta riƙa ɗaga kwando. Kabo yana tsaye ta can gefe da fartanya, yana baza tarin jiya.

"In za ka tahi da ita," in ji Kabo, "ka haɗa da gonar."

Mahaman ya buɗe baki zai yi magana. Bilki ta fito daga madafa tana ɗingishi, kwando cike a hannunta.

"Matsa, ɗan nan," ta ce, "kada toka ta ɓata maka riga."