Hannun da Aka Ara Min

Matan da ke kallon tasharmu ta talabijin, mai tallan kaya, sun fi kallon hannu a kan fuska. Marlys Tveit ce ta gaya min haka ranar da na fara zuwa, tana duba farcenta, ba ta ko ɗago ta kalle ni ba. Shekara ashirin da uku tana gabatar da shirin kayan kwalliya na ƙarfe goma na safe. Ni kuwa baƙuwa ce mai minti goma sha biyu duk ranar Alhamis, ina bayani a kan man fuskar da na haɗa da kaina. Shekara huɗu na yi a ɗakin gwaje-gwaje kafin man nan ya zauna yadda nake so.

Sunana Renita Colquitt, 'yar Toledo, digirina biyu a ilimin haɗa sinadarai. A bayan hannuna na hagu akwai tabon ƙuna daga wuyan hannu har gindin yatsu. Man suya ne ya kwaro min a wani gidan abinci inda nake soya dankali lokacin ina jami'a. Kwana tara na yi a gida, na koma aji da bandeji na rubuta jarrabawa.

Tun makon farko matan dandalin masu kallo suka sa ni gaba a intanet. Wai ina magana kamar mai koyar da 'yan aji uku. Wai murmushina na haya ne. Wata ta ƙirga sau nawa na katse wa Marlys magana, ta samu huɗu. Ita ma Marlys ba su bar ta ba, sun ce sabon gashinta kamar an kifa mata kwando, amma tasu ce, su kaɗai ke da ikon taɓa ta. Shugabarsu wata Lorna Pruitt ce daga Tulsa, wadda ke rubutu da cikakken sunanta don kowa ya san ba ta tsoro. Ita ta raɗa min suna 'Yar Digiri.

Duk wannan na shanye. Ina karantawa da rana a mota, in ci burodina da gyaɗa, in koma aiki.

A mako na shida aka yi abin da ban sani ba. A shirin irin namu akwai lokacin da ake matso da kyamara a nuna mai yana narkewa a bayan hannu. Kessler, furodusan shirin, ya ga tabona bai yi masa ba. Ya ɗauki hoton hannun wata mata mai launin fata irin nawa tun ranar Talata, da lokacin ya yi sai ya saka nata a maimakon nawa. Ina tsaye ina shafa mai a hannuna, gidaje dubbai suna kallon na wata.

Ya manta da wa yake yi. Matar tana da jan farce ruwan hoda, ni kuwa ban taɓa sa jan farce ba. Kafin azahar Lorna ta tsayar da hoton, ta jera biyun gefe da gefe, ta rubuta a ƙasa: "'Yar Digiri ta je aron hannu. Ku tambaye ta ko fuskar tata ce."

Ba wanda ya ambaci tashar. Ni ce maƙaryaciya. Wata ta ce a ƙwace digirin, wata ta nemo sunan makarantarmu ta sakandare. Mahaifiyata ta kira ni daga Toledo, ta ce matan cocinsu suna yi mata wani irin kallo.

Ranar Laraba Kessler ya kira ni ofishinsa. Ya ajiye farar safar hannu a kan tebur, da takarda mai layi uku.

"Ki sa wannan, ki karanta wannan, a wuce wurin," in ji shi.

Na karanta. An rubuta cewa ni na roƙi a ɓoye hannuna saboda kunya, kuma ina neman afuwa.

"Yaushe na roƙe ka?"

"Renita, ba kotu muke ba. Suna son su ga kin sunkuyar da kai, shi ke nan. Minti ɗaya ne."

"In na ƙi fa?"

"Akwai wata yarinya a Tampa, fuskarta kamar madara, kuma ba ta gyara wa kowa magana. Ita za ta riƙe kwalbar, ke ki koma wurin tukwanenki."

Man nawa ne, amma minti goma sha biyun nasu ne. Na ɗauki safar na saka a aljihu.

Da safen Alhamis, ana shafa mana hoda, Marlys ta ce min ta madubi, "Ki karanta kawai, 'yar nan. Ni sau nawa na ba da haƙuri a kan abin da ban yi ba? Har a kan kare na taɓa bayarwa."

"Kin san za a sa hannun wata?" na tambaye ta.

Ta juya ta ce wa mai kwalliya ta ƙara mata jan baki.

Akwai doka ɗaya a situdiyon nan da ko sabon ma'aikaci ya sani: kyamara ta biyu ba ta rabuwa da kaya. Duk inda kwalba ta je, nan take bi, ko da gini na rushewa. Da jar fitilar fara shiri ta kama, Marlys ta yi gaisuwarta, ta ce baƙuwarmu tana da 'yar magana. Rubutun Kessler ya hau allon da ke gabana. Na ɗauki kwalbar da hannun hagu, na ɗora a tsakiyar tebur, na bar hannun a kanta.

Mai kyamara ya matso, don aikinsa ke nan. A ƙaramin talabijin na ƙasa na ga tabona ya cika allo, fatar a tattare tana sheƙi.

"Ina safar?" Kessler ya faɗa ta ɗan abin sauraron da ke kunnena. "Renita, sauya hannu."

"Wannan shi ne hannuna," na ce. "Na makon jiya ba nawa ba ne, kuma ban roƙi kowa ya ara min ba."

Layukan waya suka cika. Al'adar shirin ce a ɗauki kira, kuma mai tace kiran ta san sunan da masu kallo ke jira.

"Lorna ce daga Tulsa. Sannu Marlys, rigar nan ta fi ta jiya. Ke kuma yarinya, man naki ya kasa gyara hannunki, fuskata ce zai gyara?"

"Ba ya goge tabo, Uwargida Pruitt. Ba ya goge tamoji kuma. Bushewar fata yake hanawa, musamman da sanyi."

Kessler ya yi wani nishi a kunnena kamar an taka shi.

"Shekara goma sha tara ina kallon tashar nan," in ji Lorna, "ba a taɓa ce min ga abin da kaya ba ya yi ba. Ko dai sabuwar dabara ce?"

"Dabara ai makon jiya aka yi ta, kin kuma—"

"Kin ga halin naki. Ban gama ba. Marlys, ke nake tambaya, don ke na sani. Kin san hannun aro ne?"

A aikin nan ba a shiru. Ko tari ya sarƙe ka, sai ka ambaci farashi. Marlys ta yi shiru har na ji ƙarar fitilun sama.

"Na sani, Lorna," ta ce. "Ita ce ba ta sani ba."

"To," in ji Lorna. "Na ji. Ke kuma 'Yar Digiri, kada ki ɗauka kin burge ni. Girman kanki ya fi situdiyon nan."

"An sha gaya min."

Ta kashe wayar. Sauran minti bakwai na yi su ina bayanin man, hannuna a kan kwalba, Marlys tana karanta lambar waya da muryar da ba ta da gishiri.

Tun daga ranar Marlys ba ta sake yi min magana ba sai fitila ta kama. Dandalin ya koma kanta kwana biyu, sannan ya dawo kaina: wai na yi talla da ciwona don a ji tausayina. Lorna ce ta amsa musu. Ta rubuta: "Waccan ba ta san tausayi ba, ko ruwa ka miƙa mata sai ta gyara maka riƙon kofi. Na sayi kwalba ɗaya. In ya fito min da ƙuraje, za ku ji ni."

Kessler bai kira yarinyar Tampa ba. Ya tare ni a bakin lif ya ce an ƙara min mako huɗu, daga nan a gani, kuma kada in sake cewa kaya ba ya yin wani abu. Na ciro safar daga aljihu na miƙa masa.

"Ta yi min kaɗan," na ce.

Alhamis ta zagayo, na ɗauki kwalbar da hannun hagu. Kafin in kai mota an buɗe sabon shafi a dandalin, wannan karon a kan takalmina.