Mai Agogo da Motar Tsintsiya

Mai Agogo mutum ne da ba ya iya wuce ɗan Adam bai gaishe shi ba. Shekara arba'in yana gyaran agogo a wani ɗan shago mai taga ɗaya, kuma duk wanda ya kai masa gyara ya san aikin minti biyar ne, gaisuwa rabin awa. Da aka yi masa aikin zuciya bara, 'yarsa, wadda take nas a babban asibiti, ta kulle shagon ta jefa makullin a jakarta. Ta ce ya isa haka, ya tattara ya koma gidanta a birni. Tun rasuwar mahaifiyarta yake zaune shi kaɗai, kuma abin da ke hana ta sukuni shi ne kada ya faɗi wata rana babu wanda ya sani.

Shi kuwa ya kafe, ya ce ba inda za shi. Likita ya ce ya riƙa sassarfa da safe, ya kuwa riƙe ta wata takwas ba fashi. Ana cikin wannan ja-in-ja ya ga wata takarda a bangon asibiti: wata ƙungiya ce ke kai mutane yawon buɗe ido da gudu, kwana uku, daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan, kilomita takwas kowace safiya. Ya nuna wa 'yarsa, ya ce zai shiga.

"Baba, in ka kai ƙarshe da ƙafarka ko da sau ɗaya ne a kwana ukun, ga makullinka," in ji ta. "In ba haka ba, ɗakinka na nan a gidana, har labule na sa."

"To, babbar likita," ya ce, don haka yake kiranta in yana jin tsokana. "Ki fara cire labulen."

Jagorar tafiyar wata doguwar mata ce mai usur a wuya, ita ta karanta musu doka. Akwai mota da ke tasowa bayan 'yan gudu da rabin awa, tana tafe a hankali, duk wanda ta cim masa ya shiga, babu gardama. Tsintsiya suke kiranta, don ita ke share waɗanda suka rage. 'Yar tasa ta zauna gaba kusa da direba, da na'urar awon jini a cinyarta.

Ranar farko hanya ta ratsa wani gari na bakin kogi mai titi ɗaya tak. Ƙofofi shuɗɗa, shanya a kan igiya, ƙanshin katako daga shagon kafinta. Sauran 'yan gudu suka wuce fuu, kowa idonsa a kan agogon hannunsa. Mai Agogo ya tsaya wajen kafinta ya tambayi aiki da iyali. Ya tsaya wajen wata mata mai sayar da dashen furanni, har ya ji labarin ciwon gwiwarta. Da ya leƙa shagon mai aski don ya ce sannu, sai idonsa ya faɗa kan wani tsohon agogon bango da ya tsaya a huɗu saura goma.

"Tun yaushe?" ya tambayi mai askin.

"Shekara shida. Na mahaifina ne, kowa ya ce ya mutu."

Wane irin mutum ne ke fita gudu da sukundireba a aljihu? Irin Mai Agogo. Ya hau kujerar aski, ya buɗe bayan agogon, yana aiki yana zuba, har labarin makulli da labule sai da ya ba mai askin. Agogo ya fara bugawa daidai lokacin da Tsintsiya ta yi ham a bakin ƙofa.

Rana ta biyu wani tsoho mai kiwon zuma ne ya ja masa, a kan tudu, inda ake hango garuruwa uku a jere. Sun yi hira mai daɗi ƙwarai, kuma a mota ya ƙarasa.

"Baba, ƙafarka lafiya lau," in ji 'yarsa tana naɗe na'urar. "Bakinka ne ba ya gudu."

Direba ya yi dariya har da buga sitiyari. Mai Agogo ma ya yi, amma ta ciki na ciki. Saura rana ɗaya, kuma ya tuna teburinsa, da fitilar nan mai lanƙwasa, da kwalaben da yake tara ƙananan kusoshi. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka shiga da shi tiyata.

Rana ta uku hanyar komawa ce, ta cikin garin nan na bakin kogi, a ƙare a bakin tafki. Ya ɗaure igiyar takalmi, ya ɗaure bakinsa tare da ita. Ya bar sukundireba a jaka. Kilomita biyar na farko ya yi su lafiya, sai dai tsufa ba wasa ba ne, kafin ya shiga gari ya fara jin kukan injin Tsintsiya can a bayansa.

Mai aski na tsaye a ƙofa, ya ɗaga masa hannu. Mai Agogo ya sunkuyar da kai ya wuce. Mai furanni ta ce, "Sannu Baba, an dawo?" Ya cije leɓe. Kafinta ya ajiye zarto ya miƙe, shi ma haka aka wuce shi kamar an ga kututture. Gwiwoyinsa na ciwo, amma wannan ya fi ciwo, kunya ta rufe shi har wuya. Ya fita daga gari ya kama hawan tudu, yana jiran ham ɗin da zai ƙare komai.

Ham bai zo ba. Can ma sai ya lura kukan injin ya ɗauke gaba ɗaya. Bai waiwaya ba, ya ci gaba da jan ƙafa, numfashi ɗaya taku biyu, yadda likita ya koya masa. Da ya kai ƙwanƙolin tudun sai ga tafki shimfiɗe a ƙasa, fari fat da hasken safiya, da jiragen kwale-kwale biyu a tsakiya. Ya gangara. Jagora ta busa usur, 'yan gudu suka yi masa tafi, wani ya miƙo masa ruwa. Shi ne na ƙarshe, amma da ƙafarsa ya zo.

Sai bayan kusan rabin awa Tsintsiya ta iso. Direba ya fito yana huci.

"Ni ban taɓa ganin gari irin wannan ba. Mai aski ya tare ni wai gaisuwa. Ya tambayi matata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har surukata da bai taɓa gani ba. Na samu na kuɓuta, sai ga kafinta ya fito da katako mai tsawon faɗin titi, ya gindaya, wai ya manta inda zai kai shi. Ya juya dama, ya juya hagu. Ana gama wannan sai tukwanen furanni a tsakiyar hanya, wai ana ba su rana."

Mai Agogo ya tsaya da kofin ruwa a hannu, ya kasa sha. 'Yarsa ta sauko, idanunta sun yi ja, alamar ta yi dariya ta kuma yi kuka. Ta kama hannunsa ta duba bugun jini kamar yadda ta saba, ta daɗe ba ta saki ba.

"Ka san da ba su tare mu ba, da mun kama ka tun a gindin tudu."

"Na sani," ya ce a hankali. "Ban ci ba ke nan."

"Mai askin ya leƙo ta taga ya ce mini, 'Ki yi haƙuri 'yata, ba za mu bari a rufe shagon nan ba.' Baba, minti nawa ka yi da mutanen nan?"

"Bai fi ashirin ba."

"Minti ashirin." Ta buɗe jaka tana lalube. "Ni tsorona ka faɗi babu mai gani. To in na minti ashirin sun tare maka mota, ina ga waɗanda ka shekara arba'in kana gaisarwa?"

Ta sa masa makullin a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai. Ya ji sanyin ƙarfen, ya ji wata godiya ta cika masa ƙirji har ya rasa ta inda zai fara, ga Allah, ga 'yarsa, ga mutanen da ko sunansu bai tambaya ba. Ya share ido da bakin riga, ya juya wajen direba.

"Ɗana, in ba za ka damu ba, mayar da ni garin nan."

"Baba, me kuma ka manta?"

"Mutum uku na wuce ban gaisar ba."

Direba ya dubi agogonsa, ya dubi 'yar, ya sauke numfashi. "To yau sai yamma ke nan," ya ce, ya buɗe masa ƙofar gaba.