Mayen Ƙarfe a Bakin Indararo

...kuma ba za ta matsa ba. Wai wuta. Ita Hajo za a gaya wa wuta? Shekara arba'in tana wanke rigunan maƙeri masu hujin tartsatsi, yau ɗan da ta goya ne zai ce, "Inna, koma zaure."

Sada na zuga, ko kallonta ba ya yi. Dalma ta narke a kasko, ta kwanta fari fat kamar madubi. Munafuka. Sai an zo zuba ta take nuna hali.

Zubin ƙarshe, in ji shi. In wannan tukunyar ma ta yi yoyo, gobe mai shagon waya ya karɓi makullin maƙera. Kana ji, Malam Harisu? Maigida, kana can kwance a kabari abinka... maƙerar da ka gada za a cika da cajar waya. Tukwane goma sha biyu aka dawo da su daga garin Babban Mutum, kowacce da tambarinka a gindi, suna tsiyaya kamar tsagaggiyar ƙwarya. Kai hannunka ya san zubi. Hannun yaron nan garaje ne da shi, tun yana rarrafe.

Sadiya ce ta fasa ɗaya. Autarta, da ta zo hutun Sallah daga jami'a. Ciki duk ƙananan ramuka, kamar soson wanka. "Inna, wajen zubi ne. Dalmar na birkicewa, tana murɗawa kamar ruwan kwalbati in an yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, sai ta haɗiye iska da kumfa." To maganin? Mayen ƙarfe, wai.

Dariya! Har da riƙe ciki, maƙeran unguwa. Da mayen ƙarfe suke tsince ƙusa daga cikin tarkace, don sun san ba ya kama dalma, ko yaro ya sani. Boko dai boko ne... Yarinya ta jingina katako, ta saki mayen ƙarfen a kansa, sul, ya faɗi ƙasa. Ta jingina murfin dalma mai kauri, ta sake shi, sai ga shi yana gangarowa kamar hawainiya. Wa ya riƙe shi? Ba mannewa ya yi ba, ita Hajo ta sa hannu ta ɗaga, babu komai.

"In dalma na kwance ba ruwansa da ita. Sai ta motsa. Motsin ne ke tayar da lantarki a cikinta, shi kuma ya ja ta baya. Murɗawar da ta gitta masa ita ke fara mutuwa. Ba duka ba fa, Inna, amma..."

Amma. Mayen ƙarfe guda huɗu Sadiya ta bar mata. Huɗu.

Saura biyu.

Kada ka kalle ta haka, Malam. Wa ya koya mata? Ba kai ba? Duk abin da zai kusanci narkakkiyar dalma sai an gasa shi, ludayi, awartaki, komai, don ɗigon laima ɗaya ya isa ya watsa wa mutum wuta a fuska. Ita Hajo ƙa'idarka ta bi. Ta ajiye biyun a bakin murhu, su bushe. Da ta ɗauko su ko allura ba sa ɗagawa. Matattu, zafi ya kashe su. Kuma haka ta liƙa su a indararon zubi, ba ta gaya wa kowa ba, girman kai... Sada ya zuba, tukunya ta yi yoyo, ya ce, "Kin ga bokon autarki." Ta bar yarinya da laifi. Mako uku ke nan ya daina ɗaukar wayar ƙanwarsa.

Biyun da suka rage ba su ga wuta ba. Da hannunta ta gina sabon indararo na yumɓu, ta gasa shi shi kaɗai, ya huce, sannan ta zaunar da su a waje, ɗaya dama ɗaya hagu, kaurin yatsa tsakaninsu da hanyar. Da safe ta gwada da allura, caraf, sai da ta ɓamɓare ta da farce. Kaurin yatsa ya isa? In ya yi kauri ƙarfinsu ba zai kai ba. In ya yi siriri su ƙone. Yarinyar ba ta faɗa ba... ko ta faɗa? Wa ya tsaya ya saurara?

Sada ya ɗago kaskon. Bismillahi.

Ga dalma nan. A bakin indararo tana tsalle, tana harɗewa, halinta dai. Ta shiga tsakaninsu... ta kwanta? Ta miƙe sumul kamar zaren da aka ja? Ko idon tsufa ne ke nuna mata abin da take so? Sada ya ajiye kaskon. Shi ma ya gani? Bai ce ba. Ba zai ce ba, ɗan wa ne?

Ƙasar zubi na hayaƙi. Sai ta huce za a fasa. In an fasa aka ga lafiya, maganar matattun biyu ta bi ruwa, babu mai ji har abada. In an ga huji, duk abin da ta faɗa zai ce kare auta take yi. To yanzu ne ke nan. Yanzu, tun ba a fasa ba.

"Sada..."

"Na'am, Inna?"

Ta matso kusa da shi, za ta faɗa masa yadda ta kashe biyun farko. Hayaƙin sai raguwa yake.