Waliyyin Aro

A falon Dokta Abdulbaƙi da ke Lusail, kusa da Doha, aka yi cinikin, ranar Laraba da la'asar, tun wansa Mijinyawa bai gama warware gajiyar jirgi ba.

"Yaya, magana ɗaya ce," in ji Dokta, uban amarya. "Ranar Asabar za a ɗaura auren Fiddausi. So nake ka bar wa Alhaji Baballe walicci."

Mijinyawa shekararsa arba'in yana dillancin raƙuma a kasuwar Maigatari, kuma ya san duk mai sayen da ya fara da "magana ɗaya ce" a matse yake. Sai ya ɗauki dabino ɗaya a faranti, ya jujjuya shi, ya mayar.

"Baballen nan ƙanin ubanmu ne da ban sani ba, Audu?"

Dokta ya tsani sunan nan Audu. Ya haɗiye dai, ya yi bayani. Alhaji Baballe yana gina katafaren asibiti a Abuja, ya yi masa alkawarin shugabancinsa, shi kuwa kwantiraginsa a Doha saura wata bakwai. Babban mutum ai sai da babbar karramawa. Za a ce wa jama'a Yaya ba ya jin daɗi, shi ya sa ya wakilta wani.

"Wato ni, wanka uwa ɗaya uba ɗaya, in zauna ina kallo baƙo ya ba da 'yarmu."

"Minti biyar ne fa, Yaya. Khalas, shi ke nan."

"To, minti biyar ɗin nan da tsada. Gida."

Dokta ya san gidan da ake nufi. Gidan gadonsu ne na Maigatari, inda Mijinyawa yake zaune da mutum goma sha tara. Shekara uku ke nan Dokta yana matsa wa a sayar wa wani mai gidan mai a raba, har ya fara zancen kotu. Ya miƙe, ya je taga, ya tsaya kallon dogayen benaye kamar yau ya fara ganinsu. Can ya ce ya bar kasonsa.

"A'a, ba taga za ka gaya wa ba." Mijinyawa ya zaro wayarsa mai fasasshen gilashi. "Ban iya karatu ba, amma na iya danna nan in ɗauki murya. Faɗi sunanka da na ubanmu."

Dokta ya faɗa: ya bar wa wansa kasonsa na gida har abada, shi kuma wansa ya janye daga walicci. Nan take Mijinyawa ya tura saƙon ga ƙanwarsu Atine da mai unguwa. Suka yi musabaha, ba wanda ya dubi idon wani.

Washegari motoci suka kwashi mutane zuwa inda za a yi biki, tafiyar awa guda daga Doha, cikin rairayi a bakin teku. Gini ne kamar tsohuwar fadar Larabawa, da ganuwa da hasumiya huɗu da ƙatuwar ƙofar katako mai ƙusoshi. Mijinyawa ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa ya ji siminti ne aka shafa wa launin ƙasa. Bai fi shekara goma ba. Dokta ya kama shi duka na kwana uku, ya ɗebo baƙi daga Kano da Abuja da Landan, dangin ango kuma suka zo daga Zangon Kumasi.

A bakin ƙofa wata 'yar Jos mai suna Tracy, wadda aka ba kwangilar shirya bikin, tana tsaye da takarda tana ɗaura wa kowa zaren roba a hannu. Mai ruwan zinariya na dangi ne da manya. Fari na sauran baƙi. Da ta zo kan Mijinyawa ta duba takardarta sau biyu, ta ɗaura masa kore.

"Yarinya, wannan na su wa?"

"Baba, haka aka rubuta. Ɗakinka na can baya, ka wuce kicin ka yi dama."

Ya wuce kicin ya yi dama. Direbobi ya tarar da masu ɗaukar hoto, kowa da korensa, ga injin sanyaya gidan yana ruri a jikin bangonsu. Ya zauna a bakin gado ya kalli zaren. Zuciya ta ce ya tsinke shi ya je ya watsa wa Audu a fuska. Ya ce mata ta kwanta, mutum goma sha tara ba sa kwana a cikin zuciya, a gida suke kwana.

Da yamma aka fita yawon teku a jirgin katako. Masu zinariya suna sama kan darduma ana zuba musu gahawa, masu kore suna ƙasa kusa da inji. Daga nan ƙasan ne Mijinyawa ya jiyo muryar ƙaninsa yana hira da wani tsoho mai jar dara, Alhaji Moro, baffan ango kuma wakilinsa.

"Dokta, ku ba ku da sauran manya ne a gida, da za ku ba aboki walicci?"

"Wallahi Alhaji, duk sun rigaye mu. Ni kaɗai na rage."

"Wancan dattijon da kuka gaisa da shi fa?"

"Mutumin garinmu ne. Yana ɗan taimaka mana da hidima."

Mijinyawa ya ji kamar an ɗora masa garwashi a ƙeya. An yi da shi a kan rashin lafiya, ba a yi da shi a kan mutuwa ba. Ya tofar da yawu cikin teku. Asabar kawai yake jira.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, takardar Tracy ta ce hawan raƙumi da kallon shaho. Mata suna rumfar lalle a gindin ganuwa, maza suka fito fili. An jera raƙuma shida da ado, Mijinyawa ya bi su da ido yadda ya saba a kasuwa. Biyar taguwoyi ne masu sanyin hali. Na shida wani baƙin amale ne, kumfa a baki, yana ta kaɗa wutsiya yana cizon haƙora. Lokacin sanyi ne, amalen yana cikin zafinsa. Majayin sirdinsa ma bai ɗauru ba.

Ya je ya sami Tracy. "Wancan baƙin kada kowa ya hau shi."

Ta dubi hannunsa kafin ta dubi fuskarsa. "Baba, masu shi sun san aikinsu. Ka ɗan matsa baya, kana shiga hoto."

Ya matsa baya. Ya samu inuwa ya zauna.

Alhaji Baballe kuwa, ƙaton mutum cikin shadda mai ɗaukar ido, ya ce shi ba zai hau ƙaramar dabba ba, a ba shi babban. Mai raƙuman, wani ɗan Sudan, ya so ya yi magana, Dokta ya daka masa tsawa da Larabci, "Yalla, yalla!" Aka tattaro Alhaji aka ɗora. Ba wanda ya gaya masa raƙumi da ƙafar baya yake fara tashi. Amale ya yunƙura, Alhaji ya kifo kan wuyansa, babbar riga ta rufe masa kai, hula ta yi nata wuri. Sirdi ya zame gefe. Amale ya yi wata irin kururuwa, ya fizge akala daga hannun ɗan Sudan, ya shiga juyi yana neman cinyar da ke lilo a gefensa ya kafa mata haƙori. Manyan baƙi suka watse. Masu waya dai ba su fasa ɗauka ba.

Gaskiya Mijinyawa bai tashi nan da nan ba. Ya ɗan kalla, abin ya yi masa daɗi. Sai tunani ya faɗo masa: in wannan ƙaton ya karye wuya, babu waliyyin aro, Audu kuma zai ce ciniki ya warware. Gidansa ne ke lilo a jikin raƙumin nan.

Ya cire takalma. Ya zagaya ta gefen hagu, ya take akalar da ke jan ƙasa, ya naɗe ta a hannu, ta zuge masa tafi ya ƙi saki. Ya damƙi leɓen amale na sama ya murɗe, yana yi masa irin tsawar da ake yi musu a Maigatari, har dabbar ta gurfana tana gurnani. Aka zare Alhaji Baballe daga cikin rigarsa, yana haki kamar an fito da shi daga rijiya.

Da ya dawo hayyacinsa ya nuna Mijinyawa da baki. "Dokta, wannan mutumin naka ya yi ƙoƙari. In an tashi sallamar ma'aikata ka ƙara masa wani abu."

"In sha Allahu, Alhaji," in ji Dokta.

Daidai nan amarya ta ratso maza da gudu daga rumfa, lalle bai bushe mata ba.

"Baffa! Baffa, hannunka jini! Abba, dubi hannun Baffa mana! Wa ya ɗaura maka wannan koren abin? Tun jiya nake nemanka aka ce kana kwance."

Alhaji Moro ya matso da sandarsa, ya dubi Mijinyawa, ya dubi Dokta, ya sake duban Mijinyawa. Goshi ɗaya, hanci ɗaya.

"Malam, me kake ga yarinyar nan?"

"Ni ba na jin daɗi, Alhaji," in ji Mijinyawa. "Tambayi likita."

Da hantsin Asabar, saura awa ɗaya ɗaurin aure, Dokta ya wuce kicin ya yi dama, karo na farko. Ya kori direbobi daga ɗakin ya rufe ƙofa.

"Ka ji daɗi? Tsohon nan Alhaji Moro ya rantse ba zai karɓi aure daga hannun Alhaji Baballe ba. Wai su a Zango ba a karɓar mata daga hannun baƙo alhali wan uba yana numfashi. Wai in na iya kashe wana da baki, bai san me zan yi wa ɗansu ba. Sun haɗa kayansu!"

"Allah ya kiyaye hanya."

"Kai ka shirya wannan!"

"Ni na sa amale zafi? Ko ni na haifi Fiddausi da baki?"

"Tashi ka sa riga ka zo ka ba da ita. Amma ka sani, ka karɓi walicci, maganar gida ta tashi."

Mijinyawa ya lalubo waya da hannunsa mai bandeji, ya danna. Muryar Dokta ta cika ɗakin, da sunansa da na ubansu. Ya bari ta kai ƙarshe.

"Ka ce in janye, na janye. An tambaye ni a gaban mutane, ban tona ka ba. Wancan ciniki ya faɗa, Audu, an shafa fatiha. Yanzu kai ne ka zo neman waliyyi, wannan sabon ciniki ne."

"Kai ba ɗan'uwa ba ne, ɗan kasuwa ne."

"Ɗan kasuwar da ya sayar da taguwarsa biyu ka tafi Zariya karatu. Da can ba ka ji warin raƙumi a kuɗin ba."

Daga waje ana jin Tracy tana kiran sunansa a lasifika.

"Me kake so?" in ji Dokta.

"Abin maganar can da take kiranka da shi. Ka riƙe shi da hannunka, ka gaya wa mutanen Kano da na Landan da na Kumasi ko ni wane ne. Ka faɗi sunan uwarmu. Sannan ka ce jiya da shekaranjiya ƙarya ka yi."

"A gaban Alhaji Baballe?"

"Shi ma ai yana da kunne."

Haka kuwa aka yi. A tsakar fadar siminti, gaban mutum ɗari biyu, Dokta Abdulbaƙi ya riƙe makirufo yana zufa cikin sanyin Disamba, ya faɗa duka. Tracy ta rugo da almakashi da zare mai ruwan zinariya, Mijinyawa ya janye hannunsa ya ce a bar masa korensa. Da shi ya zauna gaban liman. Alhaji Moro ya nema wa ɗansu Umar Faruƙ auren Fiddausi sau uku, sau uku Mijinyawa ya ce ya ba shi, aka shafa. Kujerar Alhaji Baballe babu kowa. Tun ana tsakiyar jawabin Dokta ya tashi yana ɗingishi, motarsa ta fice ta ƙatuwar ƙofar, bai yi wa kowa sallama ba.

Fiddausi ta samu mijinta. Alhaji Moro ya koma Kumasi da labarin da zai ci shekara yana bayarwa. Dokta ya rasa kason gida, ya rasa asibitin Abuja, ga hoton Alhaji a wuyan raƙumi ya zaga wayoyin Hausawan Doha daga unguwar Najma har Mu'aither, kowa kuma ya san a bikin wa aka ɗauka. Mijinyawa ya tashi da gida sukutum da walicci a kai. Abin da ya rasa ƙani ne, don ko filin jirgi Audu bai raka shi ba, har yau kuma ba ya ɗaga wayarsa. Da Atine ta yi masa zancen a tsakar gidan nasu, sai ya ce ai wannan tun kafin Laraba ya rasa shi, a Doha dai aka sanar da shi.