Rediyo Ta Riga Ta Faɗa

...kuma ni ne fa na ɗura ta. Da hannun nan. Ga baƙin albarushi har yanzu a ƙarƙashin farcena, kwana shida ina wankewa ya ƙi fita. To in ni na ɗura, ni na saɓa, ni na ja kunama, yaya aka yi rediyo ta san abin da ni ban sani ba?

Ikon Allah. Ina zaune bakin gonar makaranta, inda aka ɗauke ni in riƙa korar birai daga masara, ina hangen ƙofar gidanka, Malam Obioma. An fito da gadon ƙarfe. Matarka Ebele tana ɗaure tukwane cikin zane. Motar da za ta kai ku tashar jirgi a Funtuwa ba ta iso ba tukuna.

Albarushi da tsumma, iyakar abin da nake sa wa bindigar tokata ke nan. Ƙara kawai, biri ya ji ya tsere. Damina uku haka. Amma ran Lahadi gyado, aladen dajin nan, ya yi mini ɓarna a rogo, na zuba mata gutsattsarin ƙarfe, na yi kwanto, bai zo ba, na rataye ta... na manta. Litinin da hantsi masara ta motsa. Ta fi ni tsawo bana, masarar nan. Na harba wajen motsin yadda na saba—

Ba biri ba ne. 'Yan aji uku ne ka turo cirar ciyawa. Mero 'yar Kulu. A kafaɗa.

Ni na daskare. Kai ka ruga. Ka yage rigarka ka ɗaure raunin, ka goya ta, ka hau keke, sai asibitin Malumfashi. Ni kuwa na rarrafa cikin masara, na cusa bindiga ƙarƙashin rumbu. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Kuma me mutanen hanya suka gani? Ɗan Kudu, jini har gwiwa, yarinya a baya, yana tuƙi kamar ana binsa. A shekara irin wannan, da tun azumi ba wanda hankalinsa ya kwanta...

Talata a garin Ƙarfi aka ce malami ya harbi yarinya. Kafin maganar ta ci kasuwar Bakori ta dawo, yara sun zama bakwai. 'Yan doka sun zo sun bincike ɗakinka, ba su ga ko gwafa ba, suka tafi. Aka ce ai rijiya ka jefa bindigar. Komai aka rasa, sai rashin ya zama shaida. Wa ke koya wa magana irin wannan dabara?

Sai ga wani daga jarida, da wando da abin ɗaukar hoto. Bai tambaye ni komai ba, wa zai tambayi mai korar biri? Bangon aji ya ɗauka. Ramukan nan huɗu na bango — ina nan magina suka zare itacen da suka taka, zanzaro ma ya daɗe da yin gida a ciki. Jibo tela ya karanta mana: wurin harsashi. Na zo na tsaya gabansu. Na sa yatsa a ɗaya. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ni da na san ramin tun yana ɗanye.

Amma rediyo... akwatin nan na Alhaji Mudi mai kanti, da rigarsa ta saƙa, da ake fitowa da shi bayan la'asar. Muna zaune ƙarƙashin ɗorawa, sai murya ta kira sunan garinmu. Garinmu, da direbobi ke wucewa ba su san sun wuce ba. Murya mai sanyi, ta mutumin da bai taɓa tari ba. Yara uku sun rasu, in ji shi, ana zargin wani malami. Daga ina yake ganinmu? Bai taka raɓar gonar nan ba, bai shaƙi hayaƙin ba, amma da ya faɗa sai na ji kamar shi ne yake wurin, ni kuwa labari aka ba ni. Har na shiga ƙirga 'yan aji uku a zuciya, ko akwai biyun da ban gani ba.

Mata suka tafi yi wa Kulu gaisuwa. Ta ce musu Mero na nan da rai, da safe ma ta sha kunu. Suka ce haƙuri, Kulu, ruɗewa ce. Suka yi ta kuka, har ita ma ta taya su.

An ɗora gadon a kan buhuna yanzu. Shekara tara kana garin nan. Kai ka rubuta wa rabinmu wasiƙa. Mai gari ya ce ka tashi kafin Juma'a mai zuwa, wai samarin wasu garuruwa na haɗa kai, shi ba zai iya tare su ba.

Jiya na kasa jurewa. Na zaro bindigar daga ƙarƙashin rumbu, na kai ta gindin ɗorawa, na ajiye gaban kowa. Na ce ni ne. Na faɗi gyado, na faɗi ƙarfe, na faɗi mantuwa. Na runtse ido ina jiran duka.

"Tashi, Rabe," in ji Alhaji Mudi. "Bindigar korar biri? Rediyo ta riga ta faɗa."

Wani ya ce Allah sarki, Rabe mai tausayi, so yake ya rufa wa maƙwabci asiri. Aka dafa kafaɗata. Aka miƙo mini bindigata, har da goro. Laifina, nawa na kaina, na kawo shi da rana tsaka an ƙi karɓa... ina ake kai irin wannan? Wa zan gaya wa, akwatin? Ba shi da kunne, baki kawai.

Ga motar can ta karyo kwana.

Tsaya. Ranar nan da ka ruga... ta gabana ka bi. Hayaƙi na tsaye a kan masara, ni ina ƙarƙashinsa. Ka dube ni. Ka dube ni, Malam. 'Yan doka sun tsare ka wuni guda suna tambaya, kwana shida ana jifar rufinka, kuma ba ka ambaci sunana ba. Don me? Don 'ya'yana? Ko kai tuntuni ka san abin da ni sai jiya na sani, cewa ba mai ji?

In tashi. In gangara. In ce me?

Ka hau. Ka juyo wajen gona, ka ɗaga hannu — ni kake wa, ko rana kake karewa?

Masara tana motsi a bayana. Birai ne wannan karon, ina ganin wutsiyoyinsu. Bindiga na kan cinyata. Su ci... su ci kawai.