Sa Hannun da Ba Nata Ba

Da Talosia ta turo takardar kan tebur, sai da Fuatino ta goge hannuwanta a zani kafin ta taɓa ta. Shekara ashirin da shida ta yi tana gyaran kifi a masana'antar gwangwani da ke bakin teku a garin Pago Pago, a tsibirinsu, kuma ko da yake wata biyu ke nan da ta ajiye wuƙa, har yanzu gani take duk abin da ta taɓa sai ya yi ƙarni.

"Mama, duba nan ƙasa," in ji Talosia, ma'aikaciyar da ke kula da iyalan tsofaffin sojoji. "Wannan ba sa hannunki ba ne?"

Fuatino ta matso da takardar kusa da ido. Sunanta ne, ba shakka, har da ɗan lanƙwasan nan da take yi wa harafin farko tun tana makaranta. Ga kuma hatimin mai shaida a gefe, ya zauna daram.

"Kamar nawa ne. To me ya faru, 'yata? Takardar mene ce?"

Talosia ta cire tabarau ta ajiye. Da gani ba yau ta fara faɗa wa mace irin wannan magana ba, kuma har yau ba ta saba ba.

"Kin san sojan ko-ta-kwana ba kamar na bariki ba ne. In ya cika shekara ashirin yana aiki za a aiko masa da wasiƙa, amma fansho sai ya kai shekara sittin. A wasiƙar ne ake tambayarsa, in ya mutu kafin nan, a riƙa ba matarsa wani abu duk wata? In ya ce e, za a riƙa ɗan yankar fanshonsa ranar da ya fara karɓa. In ya ce a'a, a bari sai ya kai sittin ya yi shawara, to dole matarsa ta sa hannu a gaban mai hatimi cewa ta yarda. Mijinki Baba Tanielu a'a ya ce. Ke kuma ga shi kin yarda. Sai ya rasu yana da hamsin da takwas."

"To yanzu nawa za a riƙa ba ni?"

"Ko sisi, Mama. Ki yi haƙuri."

Fuatino ta yi dariya, don ta ɗauka yarinyar ta ɗauko takardar wani ne. Tanielu fa! Mutumin da ya yi ta ce mata, "Ke Tino, ko yau na faɗi, gwamnati ce za ta riƙe ki har ki biyo ni." Kan wannan maganar ta ajiye aiki bayan an yi arba'in ɗin makoki irin namu, da yatsunta suka ƙi riƙe wuƙa. Kan wannan maganar ta fito da lallausan tabarmi masu daraja guda tara da ta gada daga uwarta, ta shimfiɗa su a jana'izarsa don kada danginsa su ji kunya a gaban baƙi.

Sai idonta ya sauka kan kwanan watan da ke jikin hatimin. Sha huɗu ga Maris, shekara goma sha bakwai da suka wuce.

Dariyar ta ɗauke.

"Ranar nan ina kwance a asibiti," ta ce a hankali. "Sha uku ga wata na haifi ɗana Lotu, bai yi awa huɗu a duniya ba. Sha huɗu ga wata hannun daman nan allurar ƙarin ruwa ce a jikinsa. Ko cokali ban riƙe ba, balle alƙalami."

Talosia ta sake duban kwanan watan. Can ta jawo aljihun tebur ta fito da wata takarda.

"In haka ne, ga takardar ƙorafi. Ki rantse cewa hannun ba naki ba ne, ki sa hannu a nan, mu haɗa da shaidar asibiti. Ban yi miki alkawari ba, amma akan duba. Sai dai ki sani, Mama, bincike zai kai ga wanda ya rubuta sunanki, zai kuma kai ga mai hatimin. Kin san shi?"

Ta san shi mana. Ɗan baffan Tanielu ne, shi yake karanta sanarwa a cocinsu duk Lahadi.

* * *

A motar komawa gida direba ya ƙure kiɗa har bencin katako yana rawa, amma Fuatino ba ta ji komai ba. Ranar nan kawai take gani. Tanielu ya shigo ɗakin asibiti da yamma, sanye da farar riga an goge ta tsaf, ɗauke da gwaza da aka dafa da madarar kwakwa. Ya zauna bakin gado ya yi ta kuka, ya ƙi haɗa ido da ita. Ita ce ma, da cikinta a ɗinke, ta riƙa lallashinsa tana shafa kansa. Allah sarki! Ashe daga wurin mai hatimi yake.

Kuma wannan mutum ne da ta jira wata goma sha huɗu lokacin da aka kwashe rundunarsu zuwa Iraƙi. Duk ƙarshen makon da zai tafi atisaye ita ce mai goge masa takalmi. Da ciwon sukari ya cinye masa ƙafa, ita ce mai ɗaukarsa zuwa banɗaki. Kwana biyu kafin ya cika ya riƙe hannunta ya ce, "Tino, ki yafe mini." Ta ce, "Haba, yafe me? 'Yar tsawar da kake yi mini a kan gishiri?" Ya buɗe baki, ya sake rufewa. Ita kuwa ta ɗauka numfashi ne ya yi masa wuya.

Motar ta sauke ta a bakin coci, ta hau ɗan tudun zuwa gida. Gidan nasu ne, su biyu suka gina shi bulo bayan bulo, amma ƙasar da yake kai ta dangin Tanielu ce, kuma a tsibirin nan ƙasar dangi ba ta bin mace. Fuatino daga wani tsibirin dabam, Savai'i, aka auro ta. Shekara talatin tana dafa wa dangin nan abinci a kowane biki da kowace mutuwa, amma har gobe in za a nuna ta sai a ce "matar nan ta Tanielu". Zamanta a nan yana hannunsu.

A ƙofar gida, inda kowa yake binne nasa, kaburbura biyu ne. Babba na Tanielu mai sabon farin tayil, da ƙarami na Lotu wanda bai fi akwatin kaya ba. Shekara goma sha bakwai ba ta taɓa shan shayin safe ba sai ta share ƙaramin nan. Ta tsaya ta dube su, sannan ta wuce gidanta ba ta shiga ba, ta nufi gidan Malaea.

* * *

Malaea yayar Tanielu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A wurinmu kuwa namiji ko ya kai janar a soja, ba ya ƙetare maganar 'yar'uwarsa mace. Bakinta ake tsoro. In ta sa albarka ta bi ka, in ta yi fushi a ce har jikokinka sai sun gani.

Fuatino ta same ta a rumfar girki ta baya, zaune kan abin kankarar kwakwa, tana aiki tana 'yar waƙar coci.

"A'a, 'yan ofis an dawo? Yaushe za mu fara shan romon gwamnati?"

Fuatino ba ta zauna ba. Ta miƙa mata kwafen takardar. Malaea ta dube ta daga nesa, ba ta ma karɓa ba, ta ci gaba da kankara.

"Yaya, wa ya rubuta sunana a nan?"

"Zauna mana. Tsayuwa a kaina kuma sabon salo ne?"

"Na ce wa ya rubuta?"

Malaea ta ajiye ɓarin kwakwar. Ko kunya babu a fuskarta, wannan ne abin da ya fi ƙona wa Fuatino rai.

"Ni ce. To sai me? Likita ya gaya mana a ranar cewa kin gama haihuwa. Ɗan da za ki ba mu ya koma. Sai in zauna ina kallo a yanke fanshon ƙanena duk wata, don ranar da ya mutu ki tattara ki koma Savai'i ki ci da wani ƙato? Kuɗin nan na hidimar dangi ne. Wa yake sayen naman gwangwani in an yi mutuwa? Wa yake yi wa coci rufi? Ni dangina na duba."

"Na koma Savai'i? Yaya, shekara sha bakwai ke nan. Na koma?"

"Ai lokacin ba mu sani ba."

"Da kika ga ina fito da tabarmin uwata a jana'iza, kin sani. Da kika ga na ajiye aiki, kin sani. Ke ce ma kika ce in huta, na wahala!"

Malaea ta kau da kai. "Na ɗauka ya gyara. Ya sha ce mini in ya kai sittin zai gyara. Wa ya san ba zai kai ba? Mu ma ai mun yi asara, ko sisinsa ba mu gani ba."

Fuatino ta matso kusa da ita. Abu ɗaya ya rage mata, ta kama shi da hannu biyu.

"Tilasta masa kika yi. Ki ce tilasta masa kika yi."

"Ya yi kuka, wannan gaskiya ne," in ji Malaea. "Amma ni na san yadda kike sa hannu ne? Shi ya ɗauko takardar aurenku daga akwati. A kan teburin can ya zaunar da ni, na yi ta gwadawa a bayan kalanda yana cewa a'a, ba haka take lanƙwasa shi ba. Har sai da ya ce ya yi."

Kaza ta shigo tana tsattsagar kwakwar da ta zube. Babu wanda ya kore ta.

"An ba ni takardar ƙorafi," in ji Fuatino.

Sai a lokacin Malaea ta miƙe. Ta goge hannu, ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ake yi wa mara lafiya.

"Tino, ki yi hankali. Ki kai ni ƙara, ki kai ɗan'uwanmu mai hatimi, ki tona asirin mamaci a gaban Turawa, sannan ki kwana a ƙasar ubanmu? Ranar da takardar nan ta shiga ofis, ranar za ki hau jirgin ruwa. Ki yi shiru, ba mai korarki. Abinci kuwa, ga tukunyata, kullum ki aiko da kwano."

"Lotu fa?"

"Lotu namu ne. A ƙasar kakanninsa yake kwance, nan zai zauna."

* * *

Kwana shida Fuatino tana kai kwano gidan Malaea. Ana zuba mata, har da nama wani lokaci. Ran Lahadi ta zauna a coci tana kallon mai hatimi yana karanta sanarwa da muryarsa mai daɗi, Malaea kuma a layin gaba da farar hula. Da aka tashi mata suka yi ta yaba wa dangin, wai ka ga mutanen kirki, sun riƙe matar ɗan'uwansu kamar tasu. Fuatino ta yi murmushi ta ce gaskiya ne. Abincin ranar ko taɓa shi ba ta yi ba.

Ran Litinin da sassafe ta fito da tsintsiya. Iska ta kaɗo ganyaye cikin dare sun rufe kaburburan biyu. Ta share ƙaramin tsaf, ta cire ciyawar da ta tsiro a gefensa, ta wanke shi da ruwa, ta daɗe a durƙushe da tafin hannunta a kansa.

"Ka yi haƙuri, ɗana," ta ce. "Ba gudunka zan yi ba. Amma in na ci gaba da cin tuwon matar nan, mutuwa zan yi a tsaye."

Babban kabarin kuwa ba ta share shi ba. Gefe ɗaya kawai ta ture ganyen da bayan hannu, daidai inda takarda za ta zauna. Ta shimfiɗa takardar ƙorafin a kan farin tayil, a saitin ƙirjinsa, ta ajiye kwafen tsohuwar a kusa da ita.

"Kai ka iya hannuna," ta ce masa. "To duba ka gaya mini in ya yi."

Ta ɗauki alƙalami. Yatsun da sanyin kifi ya ƙandare shekara ashirin da shida suka ƙi lanƙwasuwa. Ta riƙe shi a dunƙule kamar yadda take riƙe wuƙa, ta ja harafin farko, ya karkace. Ta cije leɓe ta ci gaba, harafi bayan harafi, gumi yana ɗiga daga haɓarta, har ta kai ƙarshen sunanta.

Sannan ta dubi takardun biyu. Na Malaea ya fito sumul, da lanƙwasansa mai kyau, sak hannun Fuatino na ƙuruciya. Nata kuwa kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Duk wanda aka nuna wa su aka ce ya zaɓi na jabu, nata zai nuna.

Daga ƙasan tudu motar farko ta yi oda. Fuatino ta ninke takardun ta soke a ƙirji, ta jingine tsintsiyar a jikin ƙaramin kabarin, ta gangara.