Hannun Da Aka Ƙara

Duk Asabar nake kai Auta gidan adana zane-zane. Akwai wani ɗaki can baya, ƙarƙashin matakala, inda ake shimfiɗa wa yara tsoffin jaridu a ƙasa, a ba su fenti da buroshi. Kullum da riga kaca-kaca take dawo min, amma ban taɓa yi mata faɗa ba. Yarinyar da ko tari ba ta yi a makaranta, a nan bakinta yake buɗewa.

Wannan karon malamar da ke koya musu zane ta ce kowa ya zana wanda ya fi so, za a rataye a babban zaure kusa da aikin manya. Auta ta zana babanta. Hannunsa ɗaya ne, injin masana'anta ya tafi da na hagun tun ba a haife ta ba. Haka ta zana shi, hannun rigar a naɗe an maƙale da fil, yadda nake yi masa kowace safiya.

Ranar nunin muka riga shi zuwa, zai same mu daga wajen aiki. Da na ga zanen a cikin firam, sai da na sake dubawa. Hannu biyu! An shafe naɗin, an ɗora wani hannu santalele har da yatsu biyar, wai ga gwanaye.

Raina ya ɓaci. Na je na nemo malamar zanen.

"Malama, wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce, Maman Auta," ta ce, har da murmushinta. "Ai muna ɗan gyara musu kafin mu rataye. Yara kan manta hannu, ko kunne."

"Mantawa ta yi? Kin tambaye ta?"

"Kin san suna da yawa, ga baƙi za su zo..."

"Can ciki kun rataye zanen wata mata mai ido uku, kun kewaye ta da igiya kar a matsa kusa. Ita ba ku gyara ta ba! Sai na 'yata ne ba shi da mai shi?"

Ta fara ba ni haƙuri, ban tsaya ji ba. Na kai hannu zan sauke firam ɗin, mai gadi ya taso da sauri.

"Baiwar Allah, ba a taɓawa."

Dariyar takaici ta ƙwace min. Wato sai yanzu ne ba a taɓawa.

Auta ta ja ni ta gefen riga, idonta a ƙasa. "Mama, ki bari. Tunda Malama ta gyara, ni ce na ɓata."

Wallahi wannan ta fi komai yi min ciwo. Na durƙusa zan yi mata magana, sai ga babanta ya shigo, ya sha aski, yana bin bango da kallo. Ya zo daidai zanen Auta, ya dube shi, ya wuce na gaba yana neman kansa a cikin zane-zanen.